Tsutsar saiwa a garka: wane irin hatsi ya kamata a shuka da damina?

Mai garka, Jiratawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malaman gona da manoman da ke wannan zaure a kan wata matsala da ta daɗe tana cin jarina. Ina noman rani a wata garka da ke kusa da Gulbin Maraɗi, ƙasarta rairayi ce mai saurin shanye ruwa, kuma abin da na fi shukawa shi ne tumatir da kuɓewa da tattasai. A ƴan shekarun nan tumatirin yakan yi yaushi da rana tsaka ko da an shayar da shi da safe, sai yamma ta yi ya ɗan farfaɗo, ganyen ƙasa ya yi rawaya, ƴaƴan su fito ƙanana, sannan ya bushe tun ba a mai da kuɗin iri da na mai ba. Idan na tuge shi sai in tarar saiwar ta kumbura ƙulli-ƙulli, ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa kuma sun ruɓe. Wani malamin gona da ya duba ya ce mini tsutsar saiwa ce, wadda suke kira nematod, ya kuma ce in daina bin tumatir da kuɓewa idan damina ta faɗi, in shuka hatsi, wato gero, ko dawa domin ƙasar ta samu sauƙi.

Tambayata ta farko ita ce, shin kowane hatsi zai yi wannan aiki, ko kuwa akwai irin da ya fi wani? A hannuna akwai Zango na gida da muka gada, akwai ingantaccen iri mai suna HKP, kuma an ce mini ana iya samun wani ingantaccen irin mai suna SOSAT idan an nema da wuri. Ta biyu, na saba sa masara a garkar da damina saboda tana da kasuwa tun tana ɗanya, to shin ita ma tana cikin abin da ke rage tsutsar? Ta uku kuma, a gonata ta jigawa akwai wuraren da hatsi ke tsumburewa kowace shekara, alhali na kusa da su ya fi mutum tsawo. Shin wannan tsutsa ce take aiki a can ma? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Malamin gona mai ritaya, Maraɗi

Wa alaikumus salam. Malam, alamomin da ka lissafa na tsutsar ƙulli ne, wadda masana ke kira Meloidogyne, kuma shawarar da aka ba ka mai kyau ce, sai dai ba a cika maka ita ba. Yana da kyau ka fara sanin yadda take rayuwa, domin daga nan amsar sauran tambayoyin za ta fito. Ƙaramarta ba ta kai rabin milimita ba, shi ya sa ido ba ya ganinta. Tana bin danshin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi har ta isa bakin saiwa mai tsirowa, ta shiga ciki, ta kafe a wuri guda, ta huda ƴan ƙwayoyin saiwar da wani tsinke da ke bakinta, ta tilasta musu girma su riƙa tara mata abinci. Kumburin da kake gani shi ne naman saiwar da ya taru kewaye da ita, kuma shi ne ke toshe hanyar ruwa, abin da ya sa tumatir ke yaushi a ƙasa mai danshi. Mace guda tana zuba ƙwai ɗaruruwa a dunƙule ɗaya, kuma a irin zafin ƙasarmu daga ƙwai zuwa ƙwai ba ya wuce mako uku zuwa huɗu. Ka lissafa da kanka abin da damina ɗaya ta kuɓewa ke barin maka a ƙasa kafin ka dasa tumatir.

Idan ana maganar iri da wannan tsutsa, abubuwa biyu ne ake aunawa, kuma sau da yawa manomi yana ganin ɗaya kaɗai. Na farko shi ne ko irin yana hana tsutsar hayayyafa a saiwarsa. Na biyu shi ne ko irin yana ba da amfani duk da tana cinsa. Akwai shukar da za ta tsaya kore shar, ta cika rumbu, alhali saiwarta ta ninka tsutsar sau da yawa. Mai gona zai yaba mata, amma abin da aka dasa bayanta shi zai biya bashin. Akwai kuma wadda tsutsar za ta shiga saiwarta, ta kasa kafa wurin cin abinci, ta mutu ba ta yi ƙwai ba. Kai da tumatir ne jarinka, wannan ta biyun kake nema, domin ba damin hatsi ne babban abin da za ka ɗauka daga garkar ba, ƙasar da hatsin zai bar maka ita ce riba.

A kan hatsinmu akwai binciken da ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba a nan aka yi shi ba. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, masu bincike sun gwada iri 17 na gero, har da na Afirka ta Yamma da ta Gabas, da tsutsar ƙulli mai suna Meloidogyne incognita, suka ƙirga ƙwan da ta yi a kowane giram na saiwa, aka buga sakamakon a shekarar 2006. Duk ire-iren Afirka sun nuna suna tauye haihuwar tsutsar gwargwado, amma ba daidai ba: SOSAT-C88 yana cikin waɗanda suka fi tauye ta, Zango da Gwagwa suna tsaka-tsaki, P3 Kollo kuma yana cikin waɗanda suka fi rauni. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da suka gani da suka ware zuriyar tsirrai ɗaya-ɗaya daga cikin iri guda. A cikin SOSAT ɗin kansa, da Zango, da P3 Kollo, an samu zuriyar da tsutsar ba ta iya komai a kanta, an kuma samu wadda take hayayyafa a kanta yadda take so. Wato sunan da ke kan buhu ba ya nufin kowace ƙwaya a cikinsa halinta ɗaya.

Saboda haka idan ka tambaye ni wanne za ka sa a garka, zan ce SOSAT, idan ka same shi na ainihi, sannan Zango. Amma ka riƙe cewa gwajin nan a tukwane aka yi shi, cikin rumfar gilashi, da jinsi ɗaya na tsutsar, kuma ƴan uwanta irin su javanica da arenaria da enterolobii kowace da abin da take iya ci. Irin da ya gagari ɗaya ba lalle ne ya gagari sauran ba.

Masara kuwa ba na ba ka shawarar ka dogara da ita. Saiwarta ba ta cika yin ƙulli babba da za ka gani ba, shi ya sa mutane ke ɗauka ta tsira, amma ire-irenta da yawa suna ciyar da tsutsar ƙulli sosai, ga kuma wata tsutsar daban mai suna Pratylenchus zeae wadda ke yawo cikin naman saiwar masara da dawa tana barin tabo baƙi-baƙi. Dawa ta fi masara a wannan fanni, domin yawancin ire-irenta ba su da daɗin zama ga tsutsar ƙulli, ko da yake a nan ma iri ya bambanta da iri. Gujiya, wato gyaɗa, ma tana da amfani idan incognita ce ke garkar, domin ba ta hayayyafa a kanta, haka nan riɗi. A kula kawai kada a rikita ƙullin ciwo da ƴan ƙwallayen da ke saiwar gujiya da wake, waɗanda ke tara wa ƙasa taki: su a gefen saiwa suke maƙale, yatsa na ɓalle su, kuma idan an fasa mai rai cikinsa ja-ja ne, shi kuwa ƙullin tsutsa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓalluwa.

Dattijo manomi, Tibiri

Salamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan garka, ni kuma zan taɓa maganar jigawa, da wani abu da na ga ƴan garka suna yi wanda ke rushe duk wannan dabara.

Ɗana, kada ka yi saurin ɗora wa tsutsa laifin wuraren da hatsi ke tsumburewa a jigawa. Tun muna yara muke ganin gona guda da fuska biyu, kuma idan ka duba da kyau, inda ya yi kyau ba ya wuce gindin gawo, ko inda aka taɓa ɗaure dabbobi, ko tsohon kufai, ko inda iska ta tara ƙasa a gindin sabara. Inda ya tsumbure kuwa galibi wurin da iska ta kwashe ne, ƙasar ta yi fari ta yi tsami. Kafin ka kashe kuɗi neman sabon iri, ka zuba takin dabbobi a rabin wurin da ya lalace, ka bar rabin, ka ga abin da damina za ta nuna. Ka kuma duba ko ƙuduji yana fitowa a wurin idan hatsi ya kusa fitar da kai, domin shi ma tun yana ƙarƙashin ƙasa yake shan saiwa, kuma ɓarnarsa tana riga furensa bayyana. Ban ce tsutsar ba ta jigawa ba, amma a ganina yunwar ƙasa ce ke gaba, sauran cututtuka suna samun shukar ne ta riga ta galabaita.

Game da garka kuwa, ga abin da nake gani. Mutum zai ce ya hutar da ƙasa da hatsi, amma idan ka shiga sai ka tarar ya sa wake a tsakanin kunyoyi kamar yadda muka saba a jigawa, uwargida ta jera kuɓewa da rama a bakin iyaka saboda miya, alayyafo ya tsiro da kansa a inda aka taɓa zuba taki ba wanda ya cire shi, aya-aya kuma ta cika hanyar ruwa. Idan na fahimci Malam, duk waɗannan abincin tsutsar ne, don haka hatsin yana tsaye ne kawai, ita kuwa tana ci gaba da haihuwa a ƙarƙashinsa. Wanda zai yi wannan magani sai ya daure ya shuka hatsin zalla, ya yi noma a kan kari, ya nema wa kayan miya wani wuri na wannan shekarar. Na san abin da wuya a gidan da ke jiran kuɓewar damina, amma rabin magani ba ya warkar da ciwo.

Sannan idan an gama tsinkar tumatir, a daina barin kututturansa a ƙasa har ruwa ya sauka. A tuge su da saiwarsu, a tara a wajen garka, rana ta busar da su a ƙone. A kuma juya ƙasar a cikin bazara domin zafin watan Afrilu da Mayu ya shiga cikinta.

Mai noman iri, Madarunfa

Assalamu alaikum. Ina cikin wata ƙungiyar mata da ke noman irin hatsi da wake na sayarwa, kuma ina so in ƙara wa ɗan'uwanmu bayani a kan abin da zai tarar idan ya fita neman SOSAT, tunda Malam da Baba sun gama da ɓangaren ƙasa.

Da farko ya san cewa SOSAT ba kamar Zango yake ba a ido. Zangarniyarsa gajera ce, mai kauri, cike da ƙwaya, kuma yana nuna cikin kamar wata uku. An samo shi ne daga haɗa geron Suna da Sanyo a Mali, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT, kuma ya bazu sosai a arewacin Najeriya. Mutanenmu da suka saba da doguwar zangarniyar Zango sukan raina shi a ranar girbi, saboda ba ya ɗauruwa dami yadda aka saba, kuma mai lissafin arzikinsa da yawan dami zai ga kamar ya yi asara, sai an sussuka an auna da tiya sannan gaskiya ke fitowa. Haka kuma duk hatsin da ya riga na maƙwabta nuna, musamman a bakin gulbi inda itatuwa suke da yawa, tsuntsaye a kansa suke tarewa, don haka a shirya wa tsaro tun da wuri.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Malam ya ce ko a cikin iri guda akwai tsiron da ke hana tsutsa da wanda ke ciyar da ita, kuma duk mai noman iri ya san dalilin haka. Hatsi ba ya auren kansa kamar yadda dawa ta fi yi. Zangarniya tana fara fitar da farin gashin mace kwanaki kafin ta saki garin namiji, don haka garin da iska ta kwaso daga wasu tsirrai, har da na gonar maƙwabci, shi ke yi mata barbara. Shi ya sa ake sa mu nisanta gonar iri da sauran gonakin hatsi, mu kuma bi ta muna cire duk tsiron da bai yi kama da sauran ba kafin ya yi fure. Wanda ya sayi SOSAT na ainihi ya shuka shi kusa da Zango, ya ɗebi iri daga ciki, ya sake shukawa, bayan ƴan damina abin da ke hannunsa gauraye ne, ko da yana ci gaba da kiransa da sunan farko. Saboda haka ake cewa a sabunta irin hatsi bayan kamar shekara uku. Wanda ake aunawa da tiya a kasuwa ana cewa SOSAT ne, ni ba zan sa shi a lissafin maganin tsutsa ba. A nemi mai takardar shaida a jikin buhu, kuma a tambaya a cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna ko wurin malaman gona na gunduma su nuna inda ake samunsa.

Na uku, a duk buhunan irin da suka bi ta hannuna, abin da takarda ke faɗa shi ne sunan iri, da shekarar da aka noma shi, da tsabtarsa, da yawan wanda ke tsirowa cikin ɗari. Ban taɓa ganin an rubuta yadda yake da tsutsar saiwa ba, kuma idan ana yi mana horo, maganar kwanakin nuna da fari da murzuna da ƙuduji ake yi. Ina ganin lokaci ya yi da masu bincike za su ƙara wannan a bayanin iri, domin garkunan da ake nomawa rani da damina ba hutu sai ƙaruwa suke yi a kwarin gulbi.

Mai garka, Jiratawa

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Maganar wake da kuɓewar bakin iyaka ta shafe ni, domin haka nake yi. Saura abu biyu. Wani mai sayar da magani ya nuna mini wani gari mai ruwan shuɗi-shuɗi da ake barbaɗawa a gindin shuka, ya ce Furadan ne, yana kashe tsutsar nan take. Ya kuma ce akwai irin tumatir da tsutsar ba ta kamawa, wanda idan na saya ba sai na wahalar da kaina da canjin shuka ba. Shin waɗannan za su iya maye gurbin hatsin? Kuma ta yaya zan tabbatar cewa irin da na shuka ya rage ta, tunda ido ba ya ganinta?

Ɗalibin aikin gona, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Assalamu alaikum. Da izinin manya, zan amsa waɗannan biyun gwargwadon abin da muka karanta da abin da muke yi a ɗakin gwaji.

Maganin da aka nuna maka, idan da gaske Furadan ne, sinadarin karbofuran ne a cikinsa, kuma an haramta shi a ƙasashen ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, wato CILSS, har da Nijar, saboda tsananin gubarsa ga mutum da tsuntsaye da kuma yadda yake sauka cikin ruwan ƙasa. A garka mai rairayi, wadda rijiyarta ba ta da zurfi, a kan tumatirin da ake ci ɗanye, ba abin da za a kusanta ba ne. Ko a fannin aiki, yana rage tsutsar ne na ƴan makonni, wadda ta tsira a ƙasan inda ya kai ta sake cika wurin kafin ƙarshen noma.

Irin tumatir mai hana tsutsa gaskiya ne akwai shi. Yana ɗauke da wani gado da ake kira Mi, wanda aka ɗauko daga tumatirin daji na ƙasar Peru tun a shekarun 1940, kuma a jikin gwangwani ko leda ana nuna shi da harafin N, kamar a VFN. Sai dai yana da iyaka biyu da suka shafe mu. Ƙarfinsa yana raguwa idan zafin ƙasa ya daɗe sama da digiri 28, wato zai taimake ka a dashen sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, amma kada ka jira komai daga gare shi a dashen bazara. Sannan jinsin enterolobii yana cinsa kamar ba shi da wani gado. Idan kuma aka yi ta maimaita shi a wuri guda shekara da shekaru, tsutsar da ta iya da shi ita ke yawaita har ta mamaye garkar. Don haka shi abokin tafiyar hatsi ne, ba magajinsa ba.

Akwai dalilin da ya sa iri kaɗai ya wadatar a wasu ƙasashe amma ba zai wadatar a garkarka ba. A kudancin Ostareliya, wata tsutsa mai suna Heterodera avenae ta daɗe tana lalata alkama da sha'ir, har aka samar da ire-ire masu gadon hana ta haihuwa, aka haɗa da hutar da gona daga dangin alkama na shekara biyu, matsalar ta ja baya sosai. A Indiya ma, inda ake kiran cutar molya a jihohin Rajastan da Haryana, an fitar da irin alkama mai hana ta. Amma waccan tsutsa zuriya ɗaya take yi a shekara, kuma dangin ciyawa kaɗai take ci, don haka idan an rufe mata wannan ƙofa ba ta da wata. Tamu ta ƙulli tana yin zuriya da yawa a noma ɗaya, tana kuma cin ɗaruruwan tsirrai, shi ya sa maganar Baba ta cire wake da ciyawa take da nauyi daidai da zaɓen iri. Abin da ya kamata mu koya daga manoman Ostareliya shi ne yadda takardun irinsu ke ba kowane iri maki biyu daban a kan kowace tsutsa, ɗaya na hana haihuwa, ɗaya na juriya, kamar yadda Hajiya ke fata a yi mana. A nahiyarmu ma akwai gado mai daraja: shinkafar Afirka ta asali, Oryza glaberrima, an same ta tana hana wasu tsutsotsin saiwa da ke addabar shinkafar Asiya.

Game da jigawa, Baba yana da gaskiya cewa ƙarancin abinci da tsamin ƙasa ne kan gaba, amma a tashar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, bincike ya danganta tsumburewar gujiya wuri-wuri da wata tsutsa mai suna Scutellonema clathricaudatum. Irin wannan ba ta yin ƙulli ko kaɗan, saiwa ce kawai ke gajarcewa ta yi duhu, don haka sai an kai ƙasa ɗakin gwaji ake ganinta.

Tabbatar da aikin iri kuwa kana iya yinsa da kanka ba tare da madubin ƙara girma ba. Ka zaɓi ɓangaren garkar da ciwon ya fi tsanani, ka raba shi fage-fage masu faɗi ɗaya, ka sa SOSAT a wani, Zango a wani, HKP a wani, dawa a wani, ka kuma bar fage guda da kuɓewa domin ya zama ma'auni. Idan da hali ka maimaita kowanne a wuri biyu ko uku, domin tsutsar ba ta bazuwa daidai a ƙasa. Ka tsare su daga ciyawa, kada kuma ruwan wani fage ya gangara cikin wani. Bayan girbi ka ɗebi ƙasa daga wurare da dama na kowane fage, zurfin santimita 20 zuwa 30, ka gauraya ta kowane fage daban, ka cika bokiti ko leda, ka rubuta suna a jiki. A kowanne ka shuka ƙwayar kuɓewa, ko tumatir marar harafin N, kai tsaye, ba dashen da ya fito daga wata ƙasa ba. Bayan mako biyar zuwa shida ka zazzage ƙasar a hankali, ka wanke saiwar cikin ruwa, ka jera su a kan farin buhu ka ƙirga ƙulli. Fagen da kuɓewarsa ta fito da saiwa fara mai yawan gashi, shi ne irin da ya yi maka aiki a kan tsutsar da ke garkarka, ko wane jinsi ce.

Idan kana son sanin jinsin, sai an kai samfur wurin masana. A ɗebe shi lokacin da shuka ke tsaye kuma ƙasa na da danshi, daga bakin wurin da ya lalace inda tsirrai ba su gama mutuwa ba, a haɗa da saiwa, a ɗaure a leda, a ajiye a inuwa, a kai da wuri, domin ledar da ta wuni a rana ko a bayan babur tsutsar cikinta ta mutu kafin a auna. Kuma duk abin da gwajin ya nuna, ka raini dashen tumatirinka a ƙasar da ba a taɓa noman kayan lambu a kanta ba, ko wadda aka jiƙa aka rufe da farar leda mako huɗu zuwa shida a zafin bazara, sannan ka duba saiwar duk dashen da ka sayo kafin ya shiga garka.